Muryar Glenda a Faifai na Huɗu

Ni ban ga amfanin sayen waƙar da kake da ita ba. Amma Desmond, abokin aikina a masana'antar ƙarfe ta Sheffield, sau huɗu ke nan yana sayen faifan da aka tattara tsofaffin waƙoƙin wasu masu jita 'yan garinmu. Waƙoƙin su ne dai, bango kawai ake canzawa.

Ranar Asabar na tare shi. "Kai tsoho, kunnenka ne ya taɓu ko kanka?"

"Shigo ka sha shayi, sarkin bincike," in ji shi.

Ya ce a kowane sabon faifai akan ƙara waƙa ɗaya da aka ɗauka a gaban 'yan kallo. Shi wasan zauren garinmu yake jira, don ranar marigayiya matarsa Glenda tana sahun gaba, ta ƙwala wa Ronnie mai ganga kira. Ukun farko babu. Wannan akwai, sai dai in kamfani ya goge hayaniyar.

Ya ɗora allura a kan faifan. Tafi ya lafa, sai wata mace ta ƙwala, "Ronnie!"

Desmond ya ajiye kofi. "Ka ji ta? Ni ba ta taɓa kirana haka ba."

Na ce, "Mayar da allurar baya."