Kawu Yana Kan Iska

Gidan rediyon ɗaki biyu ne a saman shagon Kawu. Shi ya kafa shi, lokacin da ake ce wa kiɗan kwamfuta haukan yara, babu tashar da ke sa shi sai tasa. Yanzu ɗan ƙanwarsa, wanda ake kira Manaja, shi ke tafiyar da wurin da abokansa, amma shirin la'asar na Kawu ne har gobe.

Abin da ke damunsa kwanan nan, direbobi sun daina tare shi a titi suna yaba shirin. Sai dai waya ba ta fasa shigowa ba.

"Kawu, daga bayan tasha nake," in ji wata murya ranar. "Wannan kiɗa ya tashe ni tsaye. Kai ma taka mana!"

Ya ƙara sauti, ya miƙe da tumbinsa, ya taka har gumi ya jiƙa masa riga. Ƙishi ya kama shi, ya bar kiɗan yana tafiya ya leƙa ɗayan ɗakin neman ruwa.

Mai kira daga bayan tasha, ashe ɗaya daga cikin abokan Manaja ne, yana zaune kan kujera, ya toshe hanci da yatsu, waya a kunne. Sauran sun kifa kai suna dariya. A allon kwamfuta ga Kawu yana rawa, wandonsa na zamewa.

"Wannan fa?"

Manaja ya share hawayen dariya. "Kawu, kar ka ɗau zafi. Eriyar ta ƙone tun watan jiya. Wa ke kunna rediyo yanzu? Mun koma intanet."

"To shirina fa? Wa ke ji?"

"Ji? Ai muna cire muryar. Rawar ake so. Wallahi ka fi mu masu kallo, har ƙasashen waje. Suna ce maka Tsoho Mai Batir."

"Ni na yi goyonka," in ji Kawu a hankali.

"Shi ya sa ban faɗa maka ba. Koma ciki, kiɗan zai ƙare."

Ƙafafunsa suka mai da shi don ba su san wani wuri ba. Ya zauna gaban makirfo. Kiɗan ya ƙare, bai sa wani ba. Ya buɗe baki, leɓensa na rawa.

Ta bayan gilashi ya ji Manaja yana cewa, "Kar ka kashe kyamarar. Matso da ita kan fuskar."