Shingen Unguwar Gwaggo

Injiniya ya danne bakin tef ɗin awo da takalmi, ya miƙe yana ja a jikin shingen bakin kogi. Takardar ofis ta ce tsayinsa mita uku ne. Tef ya ce ɗaya da rabi, shi ma sai da aka haɗa da ciyawar da ta tsiro a kai. Gaba kaɗan kuma masu wankin mota sun fasa shi, sun buɗe hanyar da tirela za ta wuce ba ta gogi komai ba.

Taswirar duniya ake haɗawa, kowace unguwa a nuna ƙarfin kariyarta daga ambaliya. Fom ɗin wannan unguwa shi ya faɗo hannunsa, unguwar da gwaggonsa, yayar mahaifinsa, ta shekara talatin a ciki. Sai ya leƙa gaishe ta.

"Gwaggo, a na'urarmu an rubuta cewa sau ɗaya a shekara ɗari ruwa zai iya tsallake shingenku."

Gwaggo ta aje butar hannunta, ta yi dariya har da tari.

"Ashe na tsufa ban sani ba! Bara kaɗai sau uku ya shigo. Ka ga shekara ɗari uku ke nan na yi tsakanin Yuli da Satumba."

Ta ja shi ɗaki tana nuna masa shaida. Gado a kan bulo huɗu-huɗu. Firji a kan tebur. Talabijin kuwa can kusa da silin, sai mutum ya kwanta rigingine zai kalli labarai. A bango ga zanen ruwa layi-layi, kowanne ta san ranarsa.

"Rubuta, ɗan nan. Duniya ta ji."

Ya zaro biro, ya ɗan yi gyaran murya.

"Sai dai fa in na rubuta, unguwar za ta koma ja a taswira. Waɗanda ke bakin kogi kuma tashin su za a yi kafin damina."

Gwaggo ta juya. Ta dubi bangon, ta matsa a hankali ta tare zanen da bayanta.

"Wane ruwa? Ni ban taɓa ganin ruwa a gidan nan ba sai na famfo."

"Wannan layin fa?"

"Fenti ne. Yayi ake yi."

"Gadon fa?"

"Likita ne ya ce in riƙa shan iska."

Ya sake duban bangon. Tun rasuwar mijinta ita kaɗai ke kwana a nan, ga ciwon gwiwa, ga layin bara ya kai mata kafaɗa. Ya rubuta mita ɗaya da rabi, ya ƙara da maganar ɓarakar da masu wankin mota suka yi. Tana ta yi masa gorin goyon da ta yi masa, shi kuwa ya sa hannu.

Da ya fito ƙofar gida ya kira uwargidansa a waya.

"Ki sa a share ɗakin baƙi. Gwaggo za ta dawo wurinmu."

"Kwana nawa?"

"Sai an gyara shinge."

Sai ta ce, da wata irin murya mai laushi:

"Maigida, tef ɗin nan naka ai ya tsufa. Ka sake aunawa mana."