Hannun Baba da Murfin Tanki

Tun da hannun dama na Baba ya fara rawa, mutum ɗaya ya gaya wa, ƙanensa, wanda yaran gidan ke kira Baba Ƙarami. Ya ce masa, "Ka rufa min asiri. In 'yata ta ji, ta raba ni da sitiyari." Ƙanen ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Yaya, ni da kai?"

Baba tsohon direban motar ma'aikata ne. Da ya yi ritaya ya sayi 'yar tsohuwar mota mai ruwan toka, yana tattalinta kamar ƙwai. Lokaci-lokaci yakan zuba mata maganin wanke inji a tankin mai, abin da ɗigonsa ɗaya ke cin fenti. Da rawar ta zo, sai ƙanen ya riƙa zuwa yana zuba masa, su rufe gareji suna hira.

Wata Asabar da hantsi ƙanen ya zo, amma tare da babbar 'yar Baba, wadda ke aikin jinya. Ta gaishe shi, ta jingina da ƙofar gareji. Baba ya miƙa wa ƙanensa kwalbar kamar kullum. Shi kuwa ya soke hannuwa a aljihu, yana kallon taya.

"Yau kai za ka zuba, Yaya. Bayana ke ciwo."

Baba ya dubi ƙanen, ya dubi 'yarsa, ya ga idonta a kan hannunsa yake. Nan take ya gane.

Ya buɗe murfin tanki, ya shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin bakin, ya cusa mazurari. Ya kafa gwiwar hannu a jikin motar, ya tallafi wuyan hannun dama da na hagu, ya karkata kwalbar a hankali. Ruwan ya gangara siriri kamar zare. Gumi ya keto masa, yatsunsa na neman ƙwacewa, ya cije leɓe har kwalbar ta ƙare. Ya zare tsumman ya ɗaga mata, busasshe ƙarau.

"To, kin gani? Ko da sauran jarrabawa?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ba wannan ba ne kaɗai. Baba Ƙarami ya gaya min ranar da ka goge ƙofar masallaci da bayan mota, da ranar da ka kusa faɗawa kwata. Na riga na yi magana da likita. Motar kuma za ta zauna a wajensa tukuna."

"A wajen wa?"

Ƙanen ya zaro hannu daga aljihu. Makullin motar na ajiya ne a tafinsa, wanda Baba ke ɓoyewa a durowar gado.

"Don lafiyarka ne, Yaya. Wallahi ba da wata manufa ba."

"Har ɗakina ka shiga?"

"Ni na ɗauko masa," in ji 'yar, muryarta ƙasa-ƙasa.

Baba ya murɗa murfin ya rufe, ya ja gefe. Yana tsaye ƙanen ya tada motar, ya saka giya da gurnani, ya fice.

Baba ya je asibiti, don ba ya jayayya da 'yarsa. Aka ba shi magani, rawar ta lafa sosai, har likita ya ce zai iya tuƙi a cikin gari. Motar dai ba ta dawo ba. Yau a ce tana wajen bakanike, gobe a ce an kai yara makaranta.

Wata rana ƙanen ya zo gaisuwa da lemo a leda, ya ajiye motar can nesa da ƙofa. Matar Baba ta leƙo ta ce, "Ga ɗan'uwanka a falo."

Baba ya ƙara wa rediyo murya. "Ki ce masa na gode. Ki ba shi ruwa ya sha, hanya da zafi."