Ɗayar Malama Epple

Ottmar Bantle bai san taurari na iya tsige wa mutum rufin asiri ba sai ranar da wakiliyar kamfanin motoci ta zo, ta ƙi shan kofinsa, ta juyo masa fuskar wayarta. Sharhin da masu saye suka rubuta a intanet kan shagon motocinsa bai cika yatsun hannu ba. Ta ce kamfani na son taurari huɗu cikin biyar kafin ta dawo bayan Ista. In ba su samu ba, za a sauke allon kamfani daga kan rufi, a miƙa dillancin ga ƙaton shagon bakin babbar hanya. Allon nan kuwa marigayi ubansa ne ya ɗaura shi da hannunsa.

"Wannan ai kamar an yi an gama ne," in ji Ottmar ga 'yarsa Mareike mai riƙe da ofis. "Rabin garin nan a motocina suke zuwa coci."

Ranar Asabar ya tara tsofaffin masu sayensa, ya cika su da kofi da biredin brezel mai man shanu, ya roƙi arziki su ba shagon taurari a intanet. Mutanen yankinsu na Shuwabiya dai sai a hankali, yabo ya fi kuɗi wuyar fita daga hannunsu, in ba su yi maka faɗa ba to sun yabe ka ke nan. Amma duk suka ɗauki alkawari.

Litinin da safe Mareike ta ƙwala masa kira. "Baba, zo ka ga aikin masoyanka."

Tauraro ɗaya. Ƙarƙashinsa an rubuta, "Ba abin ƙorafi." Na biye ma ɗaya, "Mutumin kirki, kamar ubansa." Haka suka jeru har ƙasa. Ido ya raina fata. Ottmar ya figi waya ya kira Wendelin, abokinsa na ƙungiyar waƙar coci.

"Kai tsohon banza, me na tare maka?"

"Au, abin da zan samu ke nan? Ɗaya fa na ba ka! Ko girkin matata ban taɓa ba shi ɗaya ba."

Nan Ottmar ya dafe kai. A makarantun ƙasar nan ɗaya ce makin zakara, biyar kuwa faɗuwa ce warwas, kuma tsofaffin nan da wannan lissafin suka tsufa. Ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Wendelin ya ce shi ba maci amana ba ne da zai ba aboki biyar a bainar jama'a, ya kashe waya.

Biyar guda ɗaya tak ce a shafin, daga Malama Epple, wadda ta koya masa lissafi, ta kuma yi ta zabga masa biyar da jan biro tun yana ɗan gajeren wando har ya bar makaranta. Ta rubuta: "Ya shanya ni a kan kujera, kofinsa kuma ya huce. Har yau bai canza hali ba."

Ottmar ya karanta, ya sake karantawa, sai murmushi ya suɓuce masa, irin wanda Mareike ba ta yarda da shi ba.

"Baba, me kake ƙullawa?"

"In kiɗa ya canza, 'yata, rawa ma sai ta canza."

Daga ranar, duk mai furfurar da ya kawo mota juyen mai ya shiga uku. Kofi sai ya huce ake kawowa. Gwangwanin biskit ya yi ɓatan dabo. A dawo wa mutum da motarsa an matse kujera har gwiwa na dukan sitiyari, rediyo kuma an murɗa shi tashar kiɗan samari, an ƙure murya. Ya dubi motar Wendelin ya ce salansarta da mai ita tari iri ɗaya suke yi. In mutum ya hasala, sai Ottmar ya miƙa masa ɗan kati cikin ladabi: "In ranka ya ɓaci, ranka ya daɗe, ga inda ake kai ƙara."

Wai! Sai ga biyar na zuba. Waɗanda suka ba da ɗaya suka koma a fusace suka goge ta. Wendelin ya rubuta cewa da akwai shida, da ita ya ba shi. Matasa kuwa, da suka san kan abin, Ottmar lallaɓa su yake kamar ƙwai. Ana gab da Ista shagon ya tsaya a huɗu cif, ba rara ko ta kwabo. Sai dai a wajen gwajin waƙa kujerun gefensa sun zama fayau, kuma abin yana cin sa, ko da bai faɗa ba.

Ana jibi wakiliya za ta dawo, waya ta yi ƙara. Malama Epple ce. Motarta ta ƙi tashi a bakin maƙabarta, inda ta je gyara furannin kabarin mijinta, ga ruwa ana tsugawa. Ottmar ya manta da duk wata dabara. Ya je ya tarar da tsohuwar tana rawar ɗari, ya yafa mata kwat ɗinsa, ya tsaya cikin taɓo ya kankare kan batir ya ɗaure. Ya bi ta a baya har ƙofar gida, da ta ciro jaka kuma ya ce ta mayar.

Washegari sai ga ta a ofis da kek a faranti.

"Bantle, miƙe tsaye da kyau, kana ranƙwafawa kamar da. Na gyara makinka, da kaina na yi. Na ba ka ɗaya." Ta gyara zaman tabarau. "Kada kanka ya kumbura. A duk aikina, waɗanda na ba ita ba su cika benci guda ba."

Mareike ta leƙa kwamfuta, fuskarta ta sauya. Huɗun ta karye.

"Malama, ai a intanet..."

Ottmar ya take mata ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ga shi da sanƙo da jikoki, amma wallahi ji ya yi kamar ya ruga gida ya nuna wa uwarsa.

"Na gode, Malama," ya ce.

Da ta fita, Mareike ta taso masa. "Baba, gobe fa matar nan za ta zo! Kalma ɗaya za ka faɗa mata ta mayar da biyar ɗinta."

"Wanda ya taɓa min ɗayar nan, ni da shi ne."

"To allon Kaka fa? Bari in lissafa biyar nawa za su cike giɓin."

"Huɗu," in ji shi, tun kafin ta lalubo kalkuleta. Ya ɗauko makullin janwe, ƙatuwar motarsu ta jan motoci, daga ƙusa, ya yanki kek ya cika baki. "Fasto da dattawan coci uku suna taro da yammar nan, ba ko ɗaya da ya rubuta tukuna. Ƙofar filin ajiye motocinsu kuma guda ce, daidai faɗin janwe."