Kwadon da ke Barandar Alcide

"Dama sau biyu, ki tsaya a sha huɗu. A'a, kin wuce. Sake."

Rhonda Thibodeau tana shanya a bayan gida, muryar tsohon tana tsallako mata shinge. Mako shida ke nan ana wannan karatu kullum ƙarfe bakwai da rabi na safe a barandar maƙwabcinta Alcide Gallant. 'Yarta Maisie na durƙushe tana murɗa kwado mai lamba da aka rataye a ƙarfen baranda, shi kuma yana kujera, bargo a gwiwa duk da zafin Agusta, robar iska a hanci.

"Pépère, hannuna zamewa yake." Haka take kiransa, kamar kakanta na jini.

"Hannunki ƙalau, gaggawa ce. Ja numfashi, ki rage min saura."

Kwadon ya buɗe. Ta ɗago tana murmushi.

"Madalla. Mayar ki kulle, ba yau za ki tafi da shi ba."

Shekarar Maisie sha huɗu, kuma bana za ta shiga sakandare. Yarinya ce da hayaniya ke birkita wa lissafi. Ƙararrawa in ta buga sai ta toshe kunne ta zauna a ƙasa, abu kuwa in ya sauya daga yadda ta saba, ranar ta tashi aiki. A tsohuwar makarantarta aji ɗaya ne, malama ɗaya. A sakandaren kuwa ɗalibi dubu ne, kowa da kabad ɗin ƙarfe mai kwado da zai buɗe a guje tsakanin darasi da darasi. Malamai sun zauna da Rhonda sun rubuta tsari shafi tara, tsakani da Allah sun yi ƙoƙari. Alcide ya karanta tsaf ya miƙo mata.

"Sun rubuta komai, ban da kwado. Shekara talatin da ɗaya ina shara a makarantar nan, Rhonda. Yaran da nake tsinta suna kuka ranar farko, rabinsu kwado ne ya ƙi buɗuwa."

Shi ya zana wa Maisie matakalar bayan makarantar da ba kowa ke bi ba, ya kuma buga wa wata tsohuwar abokiyar aikinsa a ɗakin cin abinci waya, ta ajiye mata kujerar lungu. Amma Maisie ta kafa sharaɗi: ba za ta je ba sai ya raka ta bakin ƙofa. In ta faɗi magana kuwa, ta zauna. Wannan ne abin da ke ci wa Rhonda tuwo a ƙwarya, don ta san in ranar farko ta kuɓuce, sai a yi wata ana fama.

"Ban yi alkawari ba, 'yar nan," in ji Alcide. "Ni ba na yi wa yara ƙarya."

Ranar Alhamis, saura kwana biyar a buɗe makaranta, Rhonda ta kai masa romon kaza da rana. Ya sha rabi, ya ce gishiri ya yi kaɗan kamar kullum, ya ce zai ɗan runtsa. Da ta dawo ɗaukar kwano ta tarar ya cika a kujerarsa, rediyo na ta ba da labarin yanayi. Ta yi kuka sosai, amma ranta bai ɓaci ba. Mutumin ya tafi a inda yake so, da cikinsa a ƙoshe. Asabar aka binne shi, coci ya cika da manyan mutane masu furfura da suka taɓa zama yaran da ya buɗe wa kwado.

Talata da safe Maisie ta zauna a matakala, ba takalmi, jaka a gefe. Motar makaranta takwas saura kwata take zuwa. Rhonda ta ci gaba da wanke kofin da ta riga ta wanke.

Bakwai da rabi na cika, yarinyar ta miƙe, don lokacin karatu ya yi. Ta sa takalmi ta tsallaka, Rhonda na biye da ita daga nesa. Ta durƙusa gaban kujerar da ba kowa, ta ja numfashi. Dama, hagu, dama. Kwadon ya buɗe a murɗa ɗaya.

Ta tsaya da shi a hannu tana jira. Ta daɗe tana jira.

"Mama," ta ce, ba ta juyo ba. "Bai ce in mayar ba."

"Bai ce ba."

Maisie ta jefa shi a aljihu ta koma ta ɗauki jakarta. Da motar ta tsaya sai ta toshe kunne ɗaya, ɗaya hannun na cikin aljihu, ta hau.

Rhonda ta hau barandar ta naɗe bargon da aka bari a kujera. A jikin ƙarfen, inda kwadon ya kwana mako bakwai, fenti ya goge, ɗan wurin yana ƙyalli a rana.