Inshorar Gwangwani Ɗaya

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma surukina ne ya jawo mini shi. Ya ara mini motarsa in je ɗaurin aure Funtuwa, motar da ko ƙuda bai yarda ya sauka a kanta ba. Matata Ladidi ta ce in yanki inshorar kwana uku saboda halin rayuwa. Na ce haba, don kwana uku kacal? Ai gara in sayi tsire da kuɗin. Na juya na yi kwanciyata.

Sai ga ni a wani gari da ruwan sama ke tasowa daga ƙasa ya yi sama. Kowa na tafe yana taka lemarsa. Na ajiye motar a ƙofar ofishin inshora, na tarar da wata akuya mai tabarau a bayan tebur tana cin takardun wani bawan Allah.

"Ta nawa za a auno maka?" in ji ta.

Ashe a garin da mudu ake sayar da inshora, tsaba-tsaba kamar gero. Mudu kwana guda ne, gwangwani minti arba'in.

"Gwangwani ya ishe ni, Hajiya. A dai yi gyara."

Ta harare ni ta saman tabarau, ta turo minti biyu da kofato. Na fita na barbaɗa wa motar, tsabar ta manne a jikinta. Ina ta murna na yi wa akuya wayo.

Ina kan hanya sai na hango wani siririn mutum a kan keke ta madubi, da agogo a kowane hannu. Ya matso ya yi sallama.

"Ni ne Tsautsayi. Kada ka damu da ni, ci gaba da tuƙinka. Ba na taɓa mai inshora, jira nake ta ƙare."

"Kai, ba ka da wani aikin ne?"

"Yau dai kai ne aikina."

Na taka mota. Funtuwa ta gane ni, ta taso da kanta tana nufo ni, har ina hango rumfar ɗaurin auren. Saura minti goma sha biyu. Na ce shi ke nan, na sha.

Kawai sai ga surukina zaune a kan tabarma a tsakiyar kwalta. To, wa zai wuce surukinsa a mota? Na fito, na cire takalmi, na durƙusa.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

Duk "lafiya lau" ɗaya, sai tsaba ɗaya ta faɗo daga jikin motar, kaji su tsince. Ya tambayi Ladidi, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba mu haifa ba tukuna. Ya ce yaya ruwa, na ce yana ta hawa. Tsautsayi ya jingine kekensa ya durƙusa a gefena, shi ma aka shiga gaisawa da shi. Wallahi kamar in yi kuka. Ina kallon tsabar na ƙarewa, amma kunya ta hana ni ko ɗaga kai, balle in ce Baba sauri nake.

Wani zakara ya haɗiye ta ƙarshe. Tsautsayi ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya raɗa mini cikin ladabi, "Gaba kake so ko baya?"

Baba kuwa ya gyara zama ya ce, "To, madalla. Yanzu kuma yaya mutanen unguwa?"

Ƙiiiii!

Na farka firgigit. Gari ya waye, kuma ƙarar daga ƙofar gida ta fito. Na ji muryar mai ruwa yana cewa, "Subhanallahi! Wa ya ajiye mota a nan? Kurar ruwan ce ta ƙwace mini ta buge ta!"

Ban gama laluben takalmina ba Ladidi ta miƙo mini waya.

"Baba ne. Wai yaya motar ta kwana?"