Saniyar da Ba Ta da Zazzaɓi

Shekarar Udoji Mamuda ya sayar da gyaɗarsa da shanun noma biyu ya sayi akori-kura Fijo, yana jigila tsakanin Bauranya da Kankia. Sati uku ana cin daɗi, sai allurar zafi ta fara kwanciya a kan ja. Mamuda kuwa mutum ne mai tsoron asara kamar me. Kowane mil sai ya tsaya, ya buɗe gaban mota, ya yi ta ɗura wa lagireto ruwan da ba ya buƙata.

Fasinja suka watse. Masu neman banza suka ce injin ya ƙone, har wani Hussaini dillali ya taya motar kuɗin jaki, Mamuda ya ce ya jira shi a tashar Kankia. Shanu sun tafi, mota za ta bi su.

Ran nan Nagoggo kaɗai ta shiga, tsohuwar Bafillatana mai kai nono kasuwa. A Ƙofa ya tsaya tsayuwa ta huɗu. Ta sauko, ta ɗora bayan hannunta a kan robar ruwan lagireto, yadda take taɓa gindin kunnen saniya.

"Ɗana, wagga saniya taka ba ta da zazzaɓi."

"Inna, allura ta ce..."

"Ina kallon allurar taka tun gida. Kana murɗa makulli ta haye. Wace tukunya ka tafasa ba a hura wuta ba?"

Kunya ta kama Mamuda. Ya ja motar bai ƙara tsayawa ba sai garejin Kabo bakanike.

Kabo ya saurari maganar tsohuwa, ya bi waya da yatsa har kan 'yar ƙusar tagullar nan da ke jin zafin ruwa ta kai wa allura labari. Sai ya fashe da dariya.

"Malam Mamuda, wa ya ɗaura laya a nan?"

Mamuda ne da kansa. Layar tsari ce, ya ga ƙusar ta yi wurin ratayewa, ya naɗe ta da wayar ƙarfe. Ƙarfen ya haɗa bakin ƙusar da jikin injin, shi ya sa allura ke ta ƙarya. Kabo ya warware, allura ta koma mazauninta.

Hawaye suka zubo wa Mamuda, bai ma ɓoye ba. Ya durƙusa gaban Nagoggo a kan ƙasar baƙin mai.

"Inna, kin maido mani da shanuna. Mi zan ba ki?"

Ta tsinko igiyar fata daga faifanta ta miƙa masa. "Rataye layarka a madubi. Tashi mu tafi, nonona na tsami."

A tasha Hussaini ya ɗaga hannu, Mamuda ya ɗaga masa nasa ya wuce. Daga ranar kujerar gaba ta zama ta Nagoggo, ko alhaji ne ya riga ta zuwa, baya yake hawa.